Shekara Huɗu a Kan Jan Sa

Duk Kalgon Gabas an san Hayatu ba ya ƙaunar ɓarawo, an kuma san dalili. Shekara huɗu baya, ana jiran ruwan shuka, ya fito da safe ya tarar da turakan shanun huɗarsa wayam, sai guntayen igiya da aka yanke da wuƙa. Shanu biyu ne, ja da fari, waɗanda ya ɓata shekara uku yana horarwa har suka san tarinsa. Farin dai har yau babu labari. Jan kuwa, bayan mako biyu, ranar kasuwar Gangara, Hayatu ya ci karo da shi a kara, wajen cinikin dabbobi, igiyarsa a hannun wani saurayin makiyayi mai suna Dikko. Dikko ya yi ta rantsuwa cewa da hantsin nan ya saye shi wurin wani baƙo, a gaban dillali. Babu wanda ya saurare shi. Kasuwa ta taru, aka fara ɗaga sanduna, da jandarma ba su iso da wuri ba gawarsa za a ɗauka. Suka sa shi a mota, suka rubuta abin da Hayatu ya faɗa, suka ba shi sansa ya ja zuwa gida.

Da sa ɗaya ba a huɗa. Damanar nan rabin gonar Hayatu ta kwanta, rumbu ya ƙare tun da sauran watanni, matarsa Maimuna ta yi ta dafa wa yara tafasa da zogale har suka daina tambayar tuwo. Wannan ne bai manta ba. Dikko kuwa bai sake neman labarinsa ba. A ransa an yi masa shari'a, ya yi zaman da aka yanke masa, ya koma rugarsu tuntuni.

Bana da bazara mai gari ya tara jama'a ya ce wani kwamiti na zuwa daga Yamai. An rubuta sabuwar dokar laifuffuka da hukunci, ba a kai ga zartar da ita ba, ana so a fara jin bakin talakawa. Ƙungiyar manoma ba ta ɓata lokaci ba ta zaɓi Hayatu, don shi ne shugabanta, kuma in ya buɗe baki daga gonarsa ana jin sa a gona ta uku.

Ranar taron zauren da aka tanada a Gazawa ya cika tun hantsi. A gaba an jera tebur da farin ƙyalle da gorunan ruwa, baƙi bakwai na zaune suna fifita da takardu. Shugabansu, Alhaji Abdulaziz, mutum ne mai taushin murya da farar babbar riga. Ya ɗaga kundin dokar da hannu biyu don kowa ya ga kaurinsa, sannan ya shiga karantawa da Faransanci. Sai ya yi shafi guda, tafinta ya taƙaita shi da magana biyu. Mutane na gyangyaɗi har aka zo kan satar dabbobi. Nan tafinta ya gyara tsayuwa ya ce duk wanda ya saci sa, ko raƙumi, ko tunkiya, ko aka kama shi da dabbar sata a hannu, ɗaurin shekara goma ne mafi ƙaranci, kuma alƙali ba shi da ikon ragewa.

Zaure ya ɗauki tafi. Aka kira sunan Hayatu, ya miƙe, wani ɗan rediyo ya matso da na'urarsa dab da bakinsa.

“Ranka ya daɗe, goma ta yi kaɗan,” in ji Hayatu. “Wanda ya kwance wa manomi sa, tuwon shekara ya ɗauke daga bakin 'ya'yansa. Ni an yi mini, na san ɗacinsa. Ku mai da ita ashirin. A rufe shi, a jefa makullin a rijiya, kada a sake jin sunansa!”

Har Alhaji Abdulaziz sai da ya tafa. Hayatu na shirin zama, sai ya ji muryar mace daga can baya, wajen ƙofa, inda waɗanda ba su samu benci ba suke tsaye.

“Baba Hayatu, ina san naka?”

Ya waiwaya. Wata matashiyar Bafulatana ce, siririya, da yarinya a hannu. Bai san ta ba.

“Yana gida,” ya ce.

“Yana cin ciyawa, yana shan ruwa?”

Wasu suka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

“To, nawa mijin bai dawo gida ba. Ni ce Zulai, matar Dikko. Shekara huɗu ke nan. Wannan yarinyar da cikinta ya bar ni, bai taɓa ɗaukar ta ba. Uwarsa ta rasu tana tambayar sa. Ku da kuka zo ƙara shekaru, ku fara gaya mini nawa aka yanke masa, don ni ban sani ba, shi ma bai sani ba.”

Tafinta ya dubi Alhaji Abdulaziz. Alhaji ya yi murmushi ya ce, da Hausa mai kyau, wadda sai a lokacin aka san yana jin ta, “'Yata, Allah ya ba ki haƙuri. Amma nan ba wurin koken mutum ɗaya ba ne. Maganar ƙasa baki ɗaya muke yi. Kuma sunanki ba ya cikin masu magana.”

Ya yi nuni da ido, masu tsaron ƙofa biyu suka raka ta waje. Aka kira na gaba.

Hayatu ya zauna, amma bai ji komai daga abin da aka ci gaba da faɗa ba. Haushi ne ya cika shi, na matar da ta tsinka shi a gaban manya da ƙarya. Ana tashi ya fita neman ta. Ya same ta a gindin wata bishiyar bedi tana ba yarinyar ruwa.

“Ke, ki ji tsoron Allah,” ya ce. “Ana ajiye mutum shekara huɗu ba shari'a? A wace ƙasa?”

“A wannan da kake tsaye, Baba.”

“Wataƙila an yanke, ku ne ba ku gane ba. Da Faransanci suke yi.”

Ta dube shi daga sama har ƙasa.

“Ran Lahadi ake ziyara,” ta ce. “Ka zo ka tambaye shi da bakinka. Ai kai ka kai shi.”

Kwana uku maganar nan na cin sa. Ya gaya wa Maimuna, yana jiran ta ce sharri ne. Sai ta ajiye taɓarya ta ce, “Malam, in ƙarya ce kwana ɗaya ka yi asara. In gaskiya ce fa?” Ran Lahadi da sassafe ya tarar da Zulai a tasha da ƙwaryar fura a naɗe cikin zane. Suka shiga mota ɗaya zuwa garin da kotu da gidan kason suke.

A ƙofar gidan kaso sun yi layi cikin rana har inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa. Mai gadi ya cusa tsinke cikin furar ya jujjuya, sannan aka bar su suka shiga wata rumfa mai raga a tsakiya. Da aka kawo Dikko, Hayatu bai gane shi ba. Saurayin da ya sani dogo ne, mai faɗin kafaɗa, wanda mutum huɗu suka sha wuya kafin su danne shi a kara. Wannan kuwa ya ranƙwafa, ƙazuwa ta cinye masa hannuwa, in ya yi magana biyu sai tari ya tare ta uku. Amma shi ya gane Hayatu nan take.

“Malam Hayatu. Ka zo.”

“Na zo. Dikko, shekara nawa aka yanke maka?”

“Sau ɗaya na ga alƙali, a makon farko. Ya ce zai kira ka ya haɗa mu, kowa ya faɗi nasa. Tun ran nan kai nake jira. Na ɗauka ƙin zuwa ka yi.”

“Wallahi ba wanda ya kira ni.”

Dikko ya dube shi ta ragar. Sannan ya ce ɗakin da suke kwana an gina shi don mutum ashirin, su kuwa sun haura saba'in, kwanciya ma bi da bi ake yi. Ya ce fiye da rabinsu irinsa ne, ba wanda ya san ranar shari'arsa. Bai ɗaga murya ba, bai zagi kowa ba. Ya tambayi Zulai ko saniyar nan mai karyayyen ƙaho ta haihu. Ta sunkuyar da kai, don tun bara aka sayar da saniyar.

Hayatu bai koma gida ba. Ya sauka wurin wani ɗan uwansa, ran Litinin tun ba a buɗe kotu ba yana bakin ƙofa. Aka yi ta tura shi ofis-ofis: buro na farko ya tura shi na uku, na uku ya ce a dawo jibi. Ya ce ba inda za shi, ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafafu a hanyar shiga. Daga ƙarshe aka nuna masa wani ɗan ɗaki a ƙurya, inda magatakardan kotu, wani mai suna Mas'ud, ke zaune tsakanin tulin takardu da aka ɗaɗɗaure da igiyar leda har kusa da rufi. Mas'ud ya yi kusan sa'a guda yana tono kafin ya zaro wani siririn dosiye, wato fayil ɗin shari'ar Dikko, ya kaɗe masa ƙura a gwiwa.

“Ga shi. Ana jiran mai ƙara ne. An aika maka sammaci sau uku, Baba, ba ka zo ba.”

“Aka aika ina?”

Mas'ud ya duba. “Kalgon Yamma.”

“Ni ɗan Kalgon Gabas ne! Tsakaninmu tafiyar yini ce a amalanke!”

“To, haka aka rubuta tun farko. Bayan nan aka yi wa alƙalin canjin wurin aiki. Wanda ya gaje shi ya tarar da dosiye sun fi ɗari huɗu, bai iso kan wannan ba shi ma aka ɗauke shi.”

Hayatu ya ce a karanta masa duk abin da ke ciki. Shafi biyar ne kacal. A na uku Mas'ud ya rage murya. Bayanin dillalin kara ne, wanda jandarma suka ɗauka kwana huɗu bayan kamun, suka aiko da shi yadda ya kamata. Dillalin ya ce a gabansa Dikko ya sayi jan sa daga hannun wani baƙo mai tabo a goshi, wanda ya ce daga ƙetaren iyaka ya zo, kuma da hayaniya ta tashi baƙon ya ɓace. Ga sa hannunsa, ga tambari.

“Tun yaushe takardar nan take ciki?” in ji Hayatu.

“Tun lokacin.”

“Wa ya karanta ta?”

Mas'ud ya nuna masa ƙurar da ke gwiwarsa.

Hayatu ya miƙe. Ya ce shi bai yi lakol ba, bai taɓa shiga aji ba, amma ko akuya aka ɗaure a turke ana tunawa a ba ta ruwa. Ya ce ranar kasuwa duk mako yana Gangara, makaho ma zai nuna gidansa, ta yaya hukuma da motocinta da wayoyin salularta ta kasa samun sa shekara huɗu? Mutane suka taru a taga suna leƙe. Mas'ud ya bar shi har ya gaji, sannan ya nuna tulin da ke bayansa.

“Baba, ni kaɗai ne a buron nan. Kowane ɗauri da kake gani mutum ne.”

“Sabuwar dokar da ake yawo da ita, za ta gyara wannan?”

“Na karanta ta. Ta ƙara shekaru a kusan kowane laifi. Ban ga inda ta ce ga ranar da dole a saki wanda ba a yi wa shari'a ba.”

A nan Hayatu ya ji cewa kwamitin zai yi zama na ƙarshe a Gidan Rumji ran Alhamis. Ya koma gida ya canza riga, ran Laraba ya kama hanya, ta Agiye, ta Maraɗi, a bayan motar da ta ɗauko buhunan wake. Da ya isa ƙofar zauren, wani dattijo mai riƙe da takarda ya tare shi.

“Mi kaka biɗa? Sunanka ba shi nan.”

“Ka gaya wa Alhaji mutumin Gazawa ne, mai maganar shekara ashirin.”

Ba a jima ba aka shigo da shi har gaba. Alhaji Abdulaziz ya miƙo masa hannu da fara'a, ya gaya wa jama'a cewa ga wani manomi da ya taso tun daga gabas don ya sake jaddada abin da talakawa ke so. Da kansa ya ba shi lasifika.

“Jama'a, salamu alaikum,” in ji Hayatu. “Na zo in janye maganata.”

Ya ba da labarin tun daga turke har shafi na uku. Ya ce shi ya nuna Dikko da yatsa, wannan nasa ne, zai amsa shi gaban Allah. Amma wanda ya rufe mutum ya manta da shi fa, wa zai tambaye shi? Ya juya ya fuskanci teburin.

“Kun ce wanda aka kama da dabbar sata a hannu shekara goma, alƙali ba ya ragewa. Duk wanda ke zauren nan ya taɓa sayen dabba a kara. Wa ya san inda aka kwanto ta? Kun kawo mana kundi kamar tubali, kun karanta mana abin da kuka san za mu tafa wa. Me ya sa ba ku gaya mana akwai mutane a rufe da ba a taɓa yi wa shari'a ba? Ku rubuta a ciki: wanda ya shekara ba a kai shi gaban alƙali ba, a buɗe masa ƙofa. Wanda ya manta da shi kuma, a tambaye shi. In ba za ku rubuta wannan ba, ku cire sunana daga cikin waɗanda suka yarda!”

Tun yana tsakiya aka kashe lasifikar. Bai ma lura ba, don har masu sayar da rake a waje suna jin sa. Zaure ya rabu biyu. Wani falken shanu ya miƙe yana cewa Fulani sun saye shi, wata tsohuwa kuma ta ɗaga hannu tana kiran sunan ɗanta da aka kama tun bara waccan. Alhaji Abdulaziz ya ce an gode, an ji, lokaci ya ƙure. Ɗan rediyon da ke gefe ya riga ya mai da na'urarsa jaka.

Hayatu na zaune a waje yana huci, sai ga ɗaya daga cikin baƙin ta fito, wata mace mai gilashi da ake kira Madam Farida, alƙaliya ce. Ta tsaya kusa da shi kamar mai jiran mota.

“Malam, abin da ka nema yana cikin rubutun farko,” ta ce a hankali. “Ni na rubuta shi. Aka cire.”

“Don me, Hajiya?”

“An ce zai sa a saki mutane da yawa lokaci ɗaya. Kuma an ce talakawa ba su nema ba.”

“Wa ya tambaye mu?”

Ta zaro alƙalami daga jaka. Ta ce ya ba ta sunan mutumin da garin da yake tsare. Ta rubuta a bayan hannunta, ta ce ba ta yi masa alkawarin komai ba sai kiran salula ɗaya.

Bayan mako biyu, Hayatu na gyaran galma a tsakar gida, sai ya ji muryarsa na fitowa daga rediyon Maimuna. “A rufe shi, a jefa makullin a rijiya!” Mai gabatarwa ya ce wannan muryar manoman jihar Maraɗi ce, waɗanda suka goyi bayan sabuwar doka baki ɗaya, har suna neman a ƙara. Na Gidan Rumji ko kalma ɗaya ba a sa ba. Aka maimaita da yamma, aka maimaita washegari, aka yi ta yi har wata guda. Ya je gidan rediyon, aka ce masa shirin a haɗe aka aiko da shi, su sakawa kawai suke yi. A kasuwa mutane suka laƙaba masa Hayatu Ashirin. Waɗanda ba su san komai ba suna ɗaga masa hannu suna jinjina, waɗanda suka ji abin da ya yi a Gidan Rumji kuma suna cewa baki biyu gare shi. Ƙungiyar manoma ta zauna ba da shi ba, ta ce ya huta, ta naɗa wani. Bai yi musu ba. Duk ran Litinin dai, ko ana ruwa, yana bakin buron Mas'ud yana tambaya ko an sa rana.

Sai bayan an gama yankan gero sammaci ya iso, wannan karon Kalgon Gabas. Ranar shari'ar Hayatu ya sa rigarsa ta sallah. Aka shigo da Dikko, mai gadi na riƙe da shi don ƙafafunsa sun kumbura. Alƙalin, wani matashi da bai daɗe da zuwa ba, ya buɗe dosiyen, ya karanta bayanin dillali, wanda shi kansa ya shekara biyu da rasuwa. Ya tambayi Hayatu ko ya ga Dikko na kwance masa shanu. Hayatu ya ce bai gani ba, bai kuma taɓa cewa ya gani ba. Alƙali ya yi rubutu kaɗan, ya ce kotu ba ta sami Dikko da laifi ba, a sake shi. Ya rufe, ya ce a kira na gaba. Ko shayi aka ɗora da aka fara, bai isa sha ba aka gama.

Hayatu ya tsaya yana jira. Ya ɗauka akwai sauran magana, wani zai ce an yi kuskure, ko a ce wa Dikko ya yi haƙuri. Mai gadi ya taɓa masa kafaɗa ya ce su ba da wuri.

Da azahar aka fito da Dikko ta ƙaramar ƙofa, da 'yar ledarsa a hannu. Zulai ta tura yarinyar gabansa, yarinyar ta ɓuya a bayan zanenta. Dikko ya zauna a kan wani dutse yana kare ido daga rana. Hayatu ya matso ya durƙusa, shi da ya haife shi a shekaru.

“Dikko, ka yafe mini.”

Dikko ya daɗe yana tari kafin ya amsa.

“Ba yau ba, Malam Hayatu. Ban ce ba zan yafe ba. Amma yau ba zan iya ba.”

“Na ji.”

“In kana son ka yi wani abu, akwai. Mutanen ɗakinmu sun ji yadda ka tono takardata. Sun ba ni sunayensu, na haddace. Su goma sha ɗaya ne, waɗanda ba su da mai zuwa.”

Hayatu ya tsayar da wata ɗalibar lakol da ke wucewa ta ara masa alƙalami ta kuma yi masa rubutun. Dikko na faɗa tana rubutawa, suna da gari da shekarun da mutum ya yi. Na farko wani tsoho ne, Hamma, daga wajen Cadakori, wanda aka kama a kan faɗan bakin rijiya, shekara shida ke nan. Wanda suka yi faɗan da shi ma ya warke ya tafi ci-rani tuntuni.

Ya raka su tasha, ya ga sun shiga mota, sannan ya juyo kotu. Mas'ud na ganin sa da takarda a hannu ya dafe kai.

“Baba, ba an sake shi ba?”

“An sake shi. Nemo mini na Hamma.”

Mas'ud ya duba rajista, ya kwance ɗauri bayan ɗauri, ya hau kujera ya sauko da na saman kabad. Har la'asar suna abu ɗaya. Daga ƙarshe ya zauna a ƙasa cikin takardun, gumi na zuba, ya ce babu. Sunan tsohon yana littafin gidan kaso, amma a kotu ba shi da dosiye ko shafi ɗaya, don haka babu alƙalin da zai iya kiran sa, babu kuma wanda zai iya sakin sa.

“To wa ke tsare da shi?” in ji Hayatu.

“Ban sani ba, Baba.”

Hayatu ya ninke takardarsa ya sa a aljihu. Ya tambaya wane ne babba a gidan nan, wanda duk alƙalan ke ƙarƙashinsa, kuma ƙarfe nawa yake shigowa. Mas'ud ya ce ƙarfe takwas, amma ba a ganin sa sai da izini. Washegari ƙarfe bakwai Hayatu na zaune a kan matakalar buron babban, ya ajiye takalmansa a gefe, ya tare ƙofar.